La'adar Dillalan Da Ba A Gani: Yadda Mai Shagon Intanet Zai Tsare Ribarsa



Ya ku ƴan uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu tattauna a kan wani al'amari wanda ya shafi tukunyar gidaje da yawa, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka zauna suka yi masa lissafi.

Kowa ya shaida cewa kasuwa ta shigo cikin gida. Daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, daga Garwa zuwa Injamena, har zangunan Kumasi da Ankara, za ka tarar da matar aure tana ɗakinta tana sayar da turaren wuta da humra da atamfa ga wadda ba ta taɓa gani ba, za ka tarar da saurayi yana tura hoton takalma ko kilishi ta WhatsApp da Facebook, wasu ma sun buɗe shafi na kansu a intanet. Wannan ni'ima ce, domin ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai tsakanin hannun mai saye da hannun mai sayarwa akwai wasu hannuwa, kuma kowane hannu da abin da yake ragewa.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, wata ƙanwata mai sayar da kayan mata ta waya ta kawo mini littafin cinikinta, ranta a ɓace. Ta ce, «Yaya, duba mini wannan lissafi. Kaya sun ƙare, ba wanda ya riƙe mini bashi, amma kuɗin bai cika ba.» Har ta fara zargin yaron da ke kai mata saƙo tasha. Muka zauna bayan sallar isha'i, littafi a hannuna, waya a hannunta, muka bi cinikin watan azumi ɗaya bayan ɗaya. Yaro dai bai ci ko tamma ba. Kuɗin yana nan rubuce cikin saƙonnin wayarta: dala ashirin nan, dala sittin can, wajen karɓa, wajen cirewa, wajen tura wa mai ba ta sari. Da muka tara su, sun kai cefanen gidanta na mako biyu. Da yayyafi kogi kan cika. Tun daga wannan dare na ƙudurta zan rubuta wannan maƙala.

Hannu nawa kuɗinka ke bi?

Bahaushe ya san la'ada tun kaka da kakanni. Wanda ya kai saniya kara ya san dillali zai ci nasa, baƙon ɗan kasuwa ya san fatoma yana da hakki. Amma dillalin kara a gabanka yake, kun yi ido biyu, kana iya ce masa ya rage. Dillalan kasuwar intanet kuwa ba a ganinsu, ba su kuma jiran ka miƙa musu: sukan cire nasu tukuna, sa'an nan su miƙo maka saura.

Mu fara da katin banki, wanda ya fi kowace hanya yawan hannuwa. Idan wata ƴar uwa da ke zaune a Faransa ta sayi turare a shafinka da katinta, aƙalla hannu huɗu ne za su taɓa kuɗin. Akwai bankin da ya ba ta katin, wanda a al'ada shi ke ɗaukar rabo mafi tsoka. Akwai kamfanin da sunansa ke jikin katin, kamar Visa ko Mastercard, wanda shi ya shimfiɗa hanyar da saƙon ke bi. Akwai bankin da ke karɓa a madadinka. Sai kuma kamfanin da ya kafa maka ƙofar biya a shafinka, inda mai saye ke shigar da lambobin katinta. A yankinmu akwai irinsu CinetPay na Abijan, da PayDunya na Dakar, da FedaPay na Kwatano, a Najeriya kuma Paystack da Flutterwave. Kai dai adadi ɗaya za a nuna maka, amma a cikinsa kowa da rabonsa. In kuma kuɗin ya ƙetaro iyaka, ko an canza shi daga wani kuɗi zuwa wani, sai a ƙara wani abu a kai.

Kuɗin waya, kamar Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash a Nijar, ko MTN MoMo da Orange Money a Kamaru, hannuwansa ba su kai na kati yawa ba, amma yana da ƙofofi uku: ta turawa, ta karɓa, da ta cirewa wurin wakili. Haka ma kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, kowanne yana da jadawalinsa. A wasu ƙasashe hukuma ma takan shigo da nata hannu. Kamaru ta sa harajin kashi 0,2 cikin 100 a kan turawa da cirewa a farkon 2022. Gana ta sa nata na kashi 1,5 a watan Mayun 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a 2023, sa'an nan ta soke shi a watan Afrilun 2025.

Daga farashi ake cira, daga riba ake ji

A nan ne mafi yawan masu sana'a ke yin kuskure. Idan aka ce wa mutum «kashi 3 ne kawai», sai ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya manta shi ne, ana lissafa kashin a kan farashin kaya gaba ɗaya, amma daga ribarsa yake fita.

Mu ƙaddara turmin atamfa ne ka saro a kan sefa 16.500. Kuɗin mota da leda da kuɗin intanet suka ci 1.500. Ka sayar 20.000. Ribarka jika biyu ke nan, wato sefa 2.000. To, mu ce ƙofar biya ta ɗauki kashi 3, wato 600. Ka cire kuɗin wurin wakili, mu ce 200. Ka je wani kamfanin ka tura wa mai ba ka sari, mu ce 200 kuma. Jimla sefa 1.000. A bisa farashi kashi 5 ne kacal, amma a bisa riba rabi ne cif. Wato kai da ka sa jarinka, ka yi talla, ka amsa waya har tsakar dare, ka raba riba daidai wa daida da waɗanda ba ka taɓa gani ba.

Akwai kuma la'adar da ba ta motsi, wadda ake cirewa a kowane ciniki komai ƙanƙantarsa. Kamfanin Stripe, alal misali, farashinsa da aka sani a Amurka shi ne kashi 2,9 cikin 100 da kuma santi 30 a kowane biya. Wanda ya sayar da kayan dalar Amurka 100 zai biya dala 3 da santi 20, wato kashi 3,2. Wanda ya sayar da kayan dala 2 kuwa zai biya kusan santi 36, wato kusan kashi 18. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya, amma mai ƙaramin ciniki shi ya fi shan wuya. Paystack, wanda Stripe ya saye a 2020, ya daɗe a kan kashi 1,5 da naira 100 ga biyan cikin Najeriya, tare da yafe naira 100 ɗin ga cinikin da bai kai naira 2.500 ba, da kuma tsayar da la'ada a naira 2.000 komai yawan kuɗin. A wannan tsari, cinikin naira 3.000 zai biya 145, kusan kashi 5, cinikin naira 200.000 kuma zai biya 2.000, kashi 1 tak.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne, babu hanyar da ta fi kowace arha ga kowa. Mai sayar da sabulu da mai sayar da keken ɗinki, kowanne da wadda ta dace da shi, kuma ba zai gane ta ba sai da alƙalami.

Matakai bakwai na rage asara

*Na farko, ka san abin da kake biya.* Ka ɗauki cinikin wata uku da suka wuce, ka ja layi huɗu a littafi: abin da mai saye ya biya, hanyar da ya bi, abin da ya shigo hannunka, da abin da ka kashe kafin kuɗin ya zama kaya ko cefane. Ka tara duk abin da aka cire, ka raba shi da jimlar ciniki. Adadin da ya fito shi ne la'adarka ta gaskiya, kuma sau da yawa ya fi wanda ke rubuce a allon talla. Kada ka manta da kuɗin wata da wasu ke karɓa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da kuɗin kabu-kabu zuwa wurin wakili, da kwanakin da kuɗi ke yi a hannun kamfani kafin a sake maka shi. Kuɗin da ya kwana biyar a tsare sari ne da ba ka yi ba.

*Na biyu, ka rage fitar da kuɗi a hannu.* A kuɗin waya, ƙofar cirewa ita ce ta fi cizo. Duk lokacin da kuɗi ya fita daga waya ya zama takarda, sa'an nan ya sake shiga wata waya, an biya sau biyu a kan abu ɗaya. Ka tambayi mai ba ka sari wace hanya yake karɓa, ka buɗe irinta, ka riƙa biyansa kai tsaye daga abin da ya shigo. Haka kuɗin wuta da na ruwa da na intanet. Wanda ya zama dole a cire kuma, a duba jadawali tukuna, domin kamfanoni da yawa hawa-hawa suke tsara shi: daga kaza zuwa kaza, farashi kaza. Wani lokaci tara cinikin mako a cire sau ɗaya ya fi sauƙi, wani lokaci kuma dala ɗaya tak ce za ta tsallakar da kai zuwa hawa na gaba. Wanda ya manna jadawalin a bangon ɗakinsa ba zai yi wannan asara ba.

*Na uku, ka buɗe asusun ɗan kasuwa.* Da yawa daga cikinmu da lambar da suke gaisawa da dangi suke karɓar kuɗin ciniki. Kamfanonin waya da bankuna suna da asusu na musamman, wanda a takardunsu za ka ga an rubuta «compte marchand». Sharuɗɗansa daban ne: a mafi yawan lokuta mai saye ba ya biyan kuɗin turawa, iyakar abin da asusun ke ɗauka ta fi yawa, kuma akan ba ka cikakken bayanin shige da fice. Zai yiwu a nemi katin shaida da takardar rajistar kasuwanci. Ka karɓi sharuɗɗan a rubuce, ka gwada su da lissafinka na wata uku kafin ka sa hannu. Fa'ida ta biyu ita ce, kuɗin sana'a zai rabu da kuɗin gida, kuma wannan kaɗai ya ceci jari da yawa daga narkewa cikin biki da suna.

*Na huɗu, kowane ciniki da hanyarsa.* Ka buɗe wa masu saye ƙofa biyu ko uku, ka sa mafi sauƙi a sama. Maƙwabcin da ke gari ɗaya da kai ba ya bukatar kati. Babban ciniki, kamar na mai sarin dila, ya fi dacewa da turawa daga banki zuwa banki, ko hanyar da la'adarta ke da iyaka. Kati kuma a bar shi ga na nesa waɗanda ba su da wata hanya. Game da ƙananan kaya, sai a haɗa su: maimakon kwalbar humra ɗaya, a yi ƙunshin uku, ko a sa mafi ƙarancin abin da ake aikawa. Ciniki ɗaya na jika shida ya fi ciniki shida na jika guda, domin la'adar da ba ta motsi sau ɗaya za ta ci.

*Na biyar, ka duba gidan da ka kafa shagonka.* Masu shafi na kansu su lura, domin wani lokaci mai gidan ma yana da nasa rabo. Shopify, alal misali, ban da kuɗin wata, yana ƙara har kashi 2 cikin 100 a ƙaramin tsarinsa ga wanda ya yi amfani da ƙofar biya ta wani kamfani. WooCommerce ba ya cire kashi daga ciniki, amma kai za ka biya masaukin shafin da mai kula da shi. Wadda ke yin ciniki ashirin a wata ta waya ba ta da bukatar ɗora wa kanta ko ɗaya daga cikinsu. A bar shago ya girma tukuna.

*Na shida, ka canza kuɗi sau ɗaya.* Sefa, ta yamma da ta tsakiyar Afirka, a ɗaure take da yuro a kan kusan sefa 656 tun 1999. Saboda haka wanda masu sayensa ke Turai, ya fi masa ya sa farashi da yuro ko da sefa, kada kuɗin ya bi ta dalar Amurka, domin a kowane canji akwai abin da ke zuba, kuma ba a rubuta shi da sunan la'ada; cikin farashin canjin ake ɓoye shi. Naira da sidi kuwa suna hawa suna sauka. Mai ciniki tsakanin Maraɗi da Kano, ko Garwa da Yola, ya tsayar da magana da abokin cinikinsa tun farko: da wane kuɗi za a biya, a farashin wace rana, kuma wa zai ɗauki kuɗin hanya. A tuna kuma cewa sefar Yamai da sefar Injamena, duk da darajarsu ɗaya ce, bankunan tsakiya biyu ne ke fitar da su, BCEAO a Dakar da BEAC a Yawunde, don haka turawa tsakaninsu tura kuɗi ne zuwa waje.

*Na bakwai, ka yi tayi.* Mu da ba mu sayen albasa ba tare da «rage mini» ba, sai mu karɓi farashin kamfani kamar hukuncin alƙali. Haƙiƙa farashin da ke rubuce na kowa da kowa ne. Wanda cinikinsa ya yi kauri yana iya zuwa da lissafinsa a hannu, da farashin wani kamfanin, ya nemi a rage masa, ya kuma nemi a rarrabe masa rabon kowane hannu. In cinikin mutum ɗaya bai kai a saurare shi ba, ƙungiyar mata talatin ko ta ƴan kasuwar unguwa za ta kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a yi tayin tare, amma kowa ya riƙe asusunsa, domin cuɗa kuɗin mutane a wuri ɗaya shi ke raba zumunci.

Arhar da ke zama tsada

Wajibi ne mu yi gargaɗi, kada garin gudun gara a faɗa wa zago. Asarar ciniki ɗaya ta hanyar zamba takan cinye abin da mutum ya tattala na wata shida.

Hoton rasiɗi ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo waya ma ba kuɗi ba ne, domin mazambata sun iya ƙirƙirar duka biyu. Kada kaya su bar hannunka sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru. Wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar masa, ka duba asusunka kafin ka amsa masa, kuma lambar sirrinka ko ma'aikacin kamfani ba shi da hakkin jin ta.

A ɓangaren kati, mai katin yana da damar kai ƙara bankinsa ko bayan wata uku ko huɗu, ya ce bai san da cinikin ba, ko kaya ba su iso ba. In ba ka da hujja, za a janye kuɗin daga hannunka, a ƙara maka tara, ga kaya sun tafi. Maganinsa shi ne ka zaɓi ƙofar biya da ke tura wa mai kati lambar tabbatarwa kafin kuɗi ya fita, ka adana takardar tasha da hirarku, ka kuma siffanta kaya yadda suke. Hoton da ya fi kaya kyau shi ke jawo a maido su, kuma kamfanoni da yawa ba su maido la'adarsu idan ka mayar wa mai saye kuɗinsa.

Wasu kuma sun ce su dai sai «a biya in kaya sun iso», suna ganin sun tsira daga la'ada. Alhali wannan hanya ma da kuɗinta: mai kai saƙo zai ci nasa, kuɗi zai kwana a aljihun wani, kuma akwai wanda kaya za su iso ƙofarsa ya kashe waya. Abin da ya fi shi ne mai saye ya biya kuɗin kai saƙo tun farko, ko ya ba da wani abu kafin alƙalami.

Inda amana ta shigo

Masu karatu za su tambaya: shin wannan la'ada halal ce? Abin da malamai suka tafi a kai shi ne, ladan aiki daban, riba irin wadda aka haramta daban. Kamfanin da ya ɗauki kuɗinka daga wani gari ya kai wani, aiki ya yi, kuma ya halatta ya karɓi ladan da aka sani aka yarda da shi, kamar yadda dillali da ɗan aike ke karɓa. Inda ake jin tsoro shi ne bashin da ke haihuwa. Akwai kamfanonin da ke ba mai shago kuɗi a gaba su riƙa cira daga cinikinsa da ƙari, akwai kuma tsarin «ɗauki yanzu, biya daga baya», wanda la'adarsa a kan mai shago ta fi ta kati, kuma wasunsu kan ɗora wa mai saye tara in ya makara. Irin waɗannan a kai takardarsu gaban malami masani kafin a shiga.

Sa'an nan akwai al'adar nan ta «ka ƙara kuɗin cirewa». Babu laifi mai sayarwa ya sa kuɗin hanya cikin lissafinsa, da sharaɗin mai saye ya san jimlar abin da zai biya kafin a ƙulla ciniki. Amma a yi ciniki a kan jika goma, a ce «Allah Ya sa albarka», sa'an nan a ɓullo da wata dala ɗari, wannan yana ɓata zuciya, yana kuma kore mai saye. Ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana ƙara wa mai saye kuɗi don ya biya da katinsa tun 2018. Hanya mafi tsafta ita ce farashi ɗaya bayyananne, da ɗan rangwame ga wanda ya bi hanya mai sauƙi. Game da kafin alƙalami kuma, a tuna cewa a mazhabar Malikiyya ba a yarda mai kaya ya riƙe shi in ciniki ya warware ba. Ɓangare ne na farashi, in an fasa a mayar. Haka nan dabarun kauce wa ƙa'idar kamfani, kamar karɓar kuɗin ciniki da asusun da aka buɗe da sunan wani, ko haɗa baki da wakili, saɓa alkawari ne, kuma ranar da aka rufe asusun da kuɗinka a ciki ba ka da bakin magana.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, tarihi ya nuna wannan la'ada tana sauka idan hukuma ta tsaya ko gasa ta shigo. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon bankin mai kati a kan kashi 0,2 ga katin da ke cira daga ajiyar mutum, da kashi 0,3 ga katin bashi. Indiya ta kafa tsarin UPI a 2016, ta kuma cire wa ƴan kasuwa la'adarsa daga farkon 2020. Babban bankin Birazil ya buɗe Pix a watan Nuwamban 2020, kyauta ga ɗaiɗaikun mutane, har masu talla a bakin titi suka rungume shi. Kusa da mu, a Senegal da Kodebuwa, kamfanin Wave ya shigo da kashi 1 a kan turawa, ajiya da cirewa kyauta, abin da ya sa manyan kamfanonin waya suka karya nasu farashi a 2021.

A ranar 30 ga Satumba 2025 kuma, BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI domin ƙasashe takwas masu sefar yamma, ciki har da Nijar. Manufarsa ita ce kuɗi ya wuce nan take, dare da rana, tsakanin asusun banki da asusun waya da na ƙananan cibiyoyin ajiya, ko da kamfanoninsu sun bambanta. Ga mai shago ma'anar wannan babba ce, domin yawancin cire-ka-sake-turawa da muke yi saboda kamfanin mai saye daban ne da namu. Ka tambayi bankinka ko kamfanin wayarka ko sun shiga tsarin, da abin da suke karɓa daga ɗan kasuwa. Ƴan uwa na Kamaru da Cadi su ma su tambayi hanyar GIMAC, wadda ke haɗa bankuna da asusun waya a ƙasashensu. Saboda irin waɗannan sauye-sauye, lissafin da ka yi bara ba lalle ya yi maka amfani bana ba; a sabunta shi ko da sau biyu a shekara.

Kammalawa

Ƙanwata ba ta canza sana'a ba, ba ta kuma ƙara wa kowa farashi ba. Abu uku ta yi: ta buɗe asusu irin na mai ba ta sari, ta daina cire kuɗi sai ranar Alhamis, ta kuma haɗa ƙananan kayanta ƙunshi-ƙunshi. Ta ƙara layi ɗaya a littafinta, ta rubuta a samansa «na dillalai». Yaron da ta zarga kuwa, ta kira shi ta nemi gafararsa, kuma a wurina wannan ya fi kuɗin da aka ceto, domin rashin lissafi ya kusa sa ta ɗauki alhakin bawan Allah.

Ya ɗan uwa, ya ƴar uwa, dukiya amana ce, za a kuma tambaye mu ta inda ta shigo da ta inda ta fita. Magidanta su taimaki iyalansu da wannan lissafi, ɗalibai su taimaki iyayensu mata da ba su karanta Faransanci, su karanta musu jadawali da sharuɗɗa. A daren yau, bayan an sallame isha'i, a ɗauko littafi da waya a fara da cinikin watan jiya.

Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga cin hakkin wani. Amin.